Inda Hannun Shadliya Ya Tsaya

Allurar tana nan inda mai ita ta soke ta, da guntun farin zare yana reto a jikinta. Munjiya, ƙanwar marigayiya Shadliya da ta zo ƙarasa aikin, ta yaye mayafin da ya rufe gurgaf ɗin, wato katakon ɗinki, ta tsaya da shi a hannu, ta kasa ajiyewa. Iskar teku ba ta raga wa ƙarfe a garinmu Nabul. Tsatsa har ta fara cin allurar, ta bar ɗan jan ɗigo a kan farin lilin. Tun ranar da aka fita da gawar Shadliya babu wanda ya taɓa katakon ɗinkin nan, domin Si Jilani, mijinta, ya hana a gusa shi daga bakin taga ko da za a yi shara.

Ni Halluma, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, ina tsaye a bakin ƙofa. Na san abin da Munjiya za ta gani, shi ya sa ban matso ba.

Zanin gadon amarya ne, na Nasrin, 'yar marigayiya tilo. Shadliya ta kewaye gefensa da shabka irin wadda aka san ta da ita: a zare zaruruwan yadin ɗaya bayan ɗaya, na tsaye da na kwance, har wurin ya koma raga, sannan a bi kowace 'yar taga da allura ana ɗaurewa, ana cika ta da ƙananan taurari. Fari a kan fari, aikin da ke cinye idon mutum. Gefe uku sun kammala, ko wane tauraro daidai da ɗan'uwansa. A gefe na huɗu ne aikin ya tsaya a tsakiya.

Munjiya ta sa tabarau, ta sunkuya, ta bi layukan da farcenta. Can sai farcen ya tsaya. Ta cire tabarau ɗin ta goge da bakin ɗankwali, ta mayar.

"Halluma, wa ya taɓa mata aiki?"

"Babu wanda ya taɓa."

"Kar ki faɗa mini haka. Dubi nan. Wannan tauraro ne ko kashin kaza? Wace yarinya kuka bari ta zauna a kan kujerar Yaya?"

"Hannunta ne, Munjiya. Ni nake sa mata zare a allura."

Ta mayar da ido kan yadin. Wurin bai fi tsawon tafin hannu biyu ba, amma a cikinsa layukan sun karkace, wasu tagogin sun tsuke kamar an shaƙe su, wasu sun yi sako-sako, ƙulle-ƙullen sun fito fili. Ko yarinyar da ta fara koyo jiya, da ta kawo wa Shadliya irin wannan, da ta sha dundu.

Wanda bai san su ba ba zai gane nauyin abin ba. Rabin matan unguwarmu a gaban Shadliya suka koyi riƙe allura. Munjiya kuwa aure ya kai ta garin Kalibiya tun tana yarinya, ta kafa nata gurgaf a can, tana da nata ɗalibai, kuma wallahi hannunta ba na wasa ba ne. Amma duk inda aka yaba aikinta sai an ƙara da cewa, ai dole, ƙanwar Shadliya ce. Ta tsufa tana jin wannan kalma, kuma ba ta taɓa yi mata daɗi ba. In sun haɗu da sallah, kafin shayi ya huce sun fara gardama a kan yadda ake juya zare a kusurwa. Da ciwo ya kwantar da Shadliya cikin hunturu, kullum a waya sai ta ce wa ƙanwar sanyi ne kawai, kar ta wahalar da kanta da hanya. Munjiya ta yarda. Ranar da ta iso, mota ta sauke ta ne a ƙofar gidan makoki.

Da la'asar Nasrin ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta tarar da innarta ta baje almakashi da zare a kan tabarma.

"Halti, sannu da zuwa! Kin ga aikin?"

"Na gani. Zan ƙarasa miki shi kafin ranar jere, in Allah ya yarda. Amma sai na warware daga nan zuwa nan tukuna."

Fara'ar yarinyar ta ɗauke. "Me za ki warware?"

"Wannan ɓarnar."

"Ba ɓarna ba ce. Shi ne abu na ƙarshe da Ummi ta yi da hannunta."

"Na sani, 'yar nan. Shi ya sa."

"A'a, Halti. Ki ɗora daga inda ta tsaya kawai. Ko zare ɗaya kar ki cire."

Munjiya ta ajiye almakashin da ƙarfi. "Ke malamar makaranta ce, ba ki san matan garinku ba. Ranar jere za su zo, su juya shi ciki da bai. Duja za ta zo. Kin san Duja? Tun muna yara take jiran ranar da za ta kama uwarki da kuskure, har furfura ta cika mata kai ba ta samu ba. Yanzu da uwarki ba ta da bakin da za ta kare kanta, ke ce za ki shimfiɗa wa Duja kuskuren a kan gado?"

"Su faɗi abin da za su faɗa."

"Ke za su faɗa wa? Ita za su faɗa wa! A ce Shadliya dama 'yan koyo ke yi mata aiki, a ce asiri ya tonu. Da tana da ido a lokacin, da hannunta za ta farke shi."

"Da ido ko babu ido, don ni ta yi," in ji Nasrin. "Ina zaune a nan tana yi tana nishi. Na ce ta bari, ta ce in rufe mata baki."

Gaskiyar Munjiya ce game da mu. Mu matan Nabul, Allah ya shirye mu, ba ma yaba fuskar ɗinki sai mun leƙa bayansa. Amma ni ban sa baki ba, don ita ma yarinyar tana da tata gaskiyar.

Ana cikin haka Si Jilani ya shigo daga wajen ginin tukwane, laka ta bushe masa har gwiwar hannu. Mutum ne da magana ke yi wa wuya tun yana da mata, balle yanzu. Ya saurari kowa, ya dubi zanin, ya dubi ƙasa.

"Si Jilani, ka yi magana mana," in ji Munjiya. "Gidanka ne, ko ka zama tulu kai ma?"

"Ni ban san allura ba, Lalla Munjiya," ya ce a hankali. "Na dai san in na shigo na gan shi a nan, sai in ji kamar ta leƙa kicin ne." Ya wuce wajen famfo ya yi ta wanke hannu, har bayan lakar ta fita.

Washegari da safe, bayan uba da 'ya sun fita, Munjiya ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Lokacin furen lemo ne, kowane gida an ɗora tukunyar tatar ruwansa, ni ma tawa na kan wuta. Na bar ta na je. Na same ta zaune a kan kujerar yayarta, ƙaramin almakashi a hannu.

"Zo ki riƙe mini yadin. Kafin ta dawo na gama. Ta yi kukanta, ya fi mata kukan da za ta yi ranar jere."

"Munjiya, ki ji tsoron Allah."

"Tsoronsa nake ji. Riƙe."

Na riƙe, don ba a gardama da Munjiya in ta sa kai. Ta zura bakin almakashi ƙarƙashin ƙullin farko, ta ɗan ɗaga. Ƙullin ya ƙi. Ta sake gwadawa, ta sa farce. Sai ta kawo fuskarta kusa har numfashinta na motsa zaren.

"Me ya sa ta ja shi haka? Yaya ba ta jan zare. Ita ce mai dukan hannuna in na ja."

"In ciwon ya taso mata, sai ta damƙe duk abin da ke hannunta," na ce. "Ranar nan ya taso."

Farcenta ya matsa gaba kaɗan, inda taurari uku suka fito kusan daidai. "Nan fa?"

"Ranar da aka canza mata magani. Ta samu barci, ta tashi tana waƙa. Har ta ce in dafa mata miyar sha'ir da kifi, ta sha cokali biyu ta ce gishirina ya yi yawa."

"Ai gishirinki kullum yawa yake yi." Ta faɗa ba tare da ta ɗago ba. "Nan kuma da ta tsallake taga guda?"

"Ba ta gan ta ba. Idon ya fara tafiya. Da yatsa take lalube."

"Nan?"

Na duba. Wurin sako-sako ne, zaren ya yi kwance kamar an manta da shi. Na so in ce ban tuna ba, amma ta kafe ni da ido.

"Ranar da kika kira ta ne. Tana riƙe da waya a kafaɗa tana ce miki sanyi ne. Da kuka gama ta daɗe tana kallon taga. Ta ce, da Munjiya na nan da yanzu tana gaya mini kusurwata ta karkace."

Almakashin ya sauka a kan cinyarta. Ta ce, "Me ya hana ta ce in zo? Kalma ɗaya, Halluma. Mota ɗaya ce tsakaninmu."

"Ta ce ba ta so ki ga hannunta yana rawa."

Ban taɓa ganin Munjiya tana kuka ba, ko ranar makoki ba ta yi a gaban mutane ba. Ranar nan ta yi, tana kau da fuska don kada hawaye ya ɗiga a yadin. Ni ma na taya ta, domin kewar Shadliya ba ta bar ni ba, har gobe in na ji motsi ta bayan katanga sai in buɗe baki zan kira sunanta. Muka zauna tana tambaya ina faɗa mata, taga bayan taga, har muka kai inda allurar take. Tukunyata kuwa ta ƙone ƙurmus a gida.

Ba ta warware ba. Ta zare tsohuwar allurar ta soke a bakin rigarta, ta goge jan ɗigon da ruwan lemon tsami, ta ɗauko sabuwa, ta ɗora daga inda aikin ya tsaya. Da Nasrin ta dawo ta ga layukan suna nan, ta rungume ta ta baya. Munjiya ta ture ta. "Sake ni, za ki sa in soke yatsa. Kuma kar ki ɗauka na yafe miki. Duja na nan zuwa."

Haka ta zauna a gidan har furen lemo ya ƙare, zafi ya shigo. Daga an idar da sallar asuba take jiran haske, in rana ta karkata ta rufe. Wani lokaci ina jiyo ta ta kan katanga tana magana ita kaɗai. "To, ga kusurwar taki, yadda kike so na juya ta. Kin ji daɗi?" Aikin da ta yi a makonnin nan, ni dai ban taɓa ganin ta yi kamarsa ba. In ka rufe karkatattun layukan da hannu, ba za ka iya cewa ga na yaya ga na ƙanwa ba. Na gaya mata haka, ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga kunnenta ya yi ja. Duk da haka damuwar ba ta sake ta ba. Sau da yawa nakan same ta ta tsura wa wurin ido, tana gwada naɗe zanin ta nan, ta can, ko za a ɓoye shi a ƙarƙashin matashi. Ba ya ɓoyuwa, domin gefen ƙafa ne, shi ke fuskantar ƙofa.

Ranar jere aka kwashi kaya zuwa gidan ango da guɗa da ganga, aka shirya ɗaki, aka shimfiɗa zanin. Mata suka cika gidan, ana zagayawa da shayi da alewar almond. Uwar ango, baiwar Allah mai kunya, sai sa albarka take yi. Nasrin na zaune a gefen gado da lalle a hannu. Munjiya ta tsaya jikin bango ta harɗe hannu, ko shayi ta ƙi karɓa.

Sai ga Duja, ana riƙe da ita saboda ciwon gwiwa, amma idon nan garau. Ta gaisa da mutane sama-sama, ta nufi gado kai tsaye.

"Bari in ga na ƙarshen Shadliya, Allah ya ji ƙanta."

Ta kama gefen kai, ta juya, ta ɗaga wa haske. Ta bi na dama, ta bi na hagu. Ba ta ce komai ba, wanda a wajen Duja yabo ne. Ta zagayo gefen ƙafa, yatsunta na tafiya a kan taurarin, sai suka tsaya cak. Ɗakin ya yi tsit, har masu ganga a waje kamar sun sani.

"Ikon Allah," ta ce, tana jan kalmar. "Jama'a, ku zo ku gani. Wannan kuma fa? A zanin Shadliya?"

Nasrin ta miƙe, ta ɗaga kai. "Halti Duja, wannan wurin Ummi ce ta—"

"Ta tsaya," in ji Munjiya. Ta riga ta baro bango, ta dafa kafaɗar yarinyar ta mayar da ita zaune da ƙarfi. Ta sa yatsa daidai kan tauraro na ƙarshe mai kyau, kafin karkatar ta fara. "Nan Yaya ta tsaya. Daga nan zuwa ƙarshe nawa ne."

"Naki?" Duja ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke da ake cewa kina da ɗalibai a Kalibiya?"

"Ina da su. Hannuna ne ya ƙi zama da farko. Sai da na yi nisa ya dawo."

"To ba sai ki warware ba? Ko a Kalibiya ba a sayar da almakashi?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. "Lokaci ya ƙure," in ji Munjiya.

Duja ba ta saki yadin ba. Ta waiwayo ta nemo ni a cikin mata. "Halluma, ke ce kullum a gindinta. Haka aka yi?"

Nasrin na kallona, idonta ya cika. Munjiya ba ta kalle ni ba sam.

"Haka aka yi," na ce. "A gabana ta karɓi allurar."

Duja ta yi ajiyar zuciya, ban san ko ta jin daɗi ce ko ta rashi ba. Ta saki zanin, ta shafa gefen da ke da kyau da bayan hannu, a hankali, yadda ban zata daga gare ta ba.

"Dama na ce. Shadliya ko a magagin mutuwa ba za ta yi wannan ba." Ta juya ga matan. "Ku kalli na sama da kyau, 'yan mata, ba za ku ƙara ganin irinsa ba. An tafi da hannun. Ko a cikin ɗakinsu ba ta bar na biyunta ba."

Kafin magariba maganar za ta kai kasuwa, kafin Juma'a ta kai Kalibiya, wajen iyayen ɗalibanta. Munjiya ta san haka sarai. Ta gyara bakin zanin inda Duja ta yamutsa, ta daidaita shi da tafin hannu.

"Ba ta bari ba," ta ce. "Ai na fi kowa sani."

Aka koma guɗa, aka ja Duja zuwa wajen tukwane da kasaken da Si Jilani ya gina wa 'yarsa, don ta nemo musu aibu su ma. Nasrin ta kamo bakin rigar innarta ta riƙe gam, lallen hannunta ya ɓata rigar. Munjiya ba ta ture ta ba. Ta zauna kusa da ita a ƙarshen gadon, ta ce wa wata yarinya ta miƙo mata shayin nan, ko ya huce.